Sakura Talatin na Katsumi Mahauci

A Layin Rijiya, cikin birnin Matsumoto, ba wanda ya taɓa kai ƙarshen maganarsa a gaban Furihata Katsumi. Kana buɗe baki zai ɗaga ƙaton hannunsa ya ce, "Ya isa, na gane. Ni ba a gaya mini magana sau biyu." Gaskiyar lamari kuwa, ko sau ɗayan ba a taɓa gama gaya masa ba.

Mahauci ne, shekara arba'in da ɗaya yana yanka naman doki a shagon da ya gada wajen ubansa. In dai wuƙa ce, a sallama masa. Yankansa siriri ne har kana hango zanen faranti ta cikin naman. Bakin ne matsala. A cewarsa, shekarar da aka fara bikin kiɗa da fasaha na birni, wani babban shugaban makaɗa daga ƙasar waje ya ɗanɗana namansa ya fashe da kuka. Da farko mutum ɗaya ne ya yi kukan. Da shekaru suka ja sai ya zama shi da masu goge goma sha biyu. Bara an ji har direbansu ya taya su.

Duk ƙarshen Agusta garin yakan cika da makaɗa. Manyan wasanni a babban zaure ake yin su, tikitinsu sai mai hannu da shuni, shi ma sai ya yi sammako watanni kafin ranar. Rabon talaka shi ne wasannin kyauta da kwamitin biki ke raba wa unguwanni, wannan a bakin kogi, wancan a filin shaƙatawa. Layin Rijiya aka ba shi ƙarfe bakwai na safiyar Asabar, kafin a buɗe shaguna. Bara mutum tara suka zo, in an haɗa da mai kawo madara da ya tsaya ɗaure igiyar takalmi.

Shi ya sa bana kwamiti ya aiko takarda. Za a turo mai ƙirga. In waɗanda suka zauna ƙarfe bakwai ba su kai talatin ba, baɗi wasan ya koma Layin Tasha. Katsumi ya ga takardar, ya karanta layi biyu na sama, ya ce ya gane, ya naɗe wa wani hanta a ciki.

Wadda za ta yi wasan bana kuwa ba kowa ba ce illa matarsa, Michiyo. Shekara shida ke nan tana koyon koto a ɗakin sama, molon nan mai tsawon mutum da tsirkiya goma sha uku da ake shimfiɗewa a gaba a kaɗa. Ba ta taɓa yi a gaban jama'a ba. Mijin ma bai taɓa sauraron waƙa ɗaya har ƙarshe ba. Yakan leƙo, ya ji sauti uku, ya ce "Da kyau, na gane inda ta nufa," ya sauka.

Ranar Litinin suna karin safe ta tura masa katunan gayyata talatin da ta rubuta da hannunta.

"Baban yara, ka raba wa masu sayen nama. Ni kuskure ba ya ba ni tsoro. Kujera ba kowa ce tsorona. In na fito na tarar da su wayam, naɗe koton nan zan yi in tura shi bayan kabad, kuma ba zan sake..."

"Ya isa, na gane," in ji Katsumi, ya soka katunan a aljihun rigar fawa.

Washegari Momose Teruko, mai shagon ganyen shayi kuma shugabar 'yan kasuwar layin, ta shigo ta ƙofar baya tana waige-waige.

"Katsumi-san, magana ce ta sirri. Kai ne kullum kake cewa rabin garin nan a tafin hannunka yake."

"Rabi? Wa ya rage mini? Kashi uku cikin huɗu."

"To, madalla. Ranar Asabar..." Ta rage murya har sai da ya miƙo kunne ta saman ma'auni. "Muna bukatar sakura. Talatin. Na san ba a faɗar irin wannan da ƙarfi, amma idan mai ƙirgar nan ya zo ya..."

"An gama!"

"Ka bari in yi maka bayanin yadda..."

"Teruko-san, da bakinki za ki koya mini sakura? Ni? Kakana ita ya yi, ubana ita ya yi. Je ki kwanta da minshari."

Teruko ta ɗan yi mamakin jin tsohon Furihata ma ya taɓa irin wannan harka, amma ta rusuna, ta yi godiya, ta fita da zuciya wasai.

To, kalmar nan sakura 'ya'ya uku gare ta. Ta fari furen nan ne da ke buɗewa bayan sanyi, kowa ya san shi. Ta biyu naman doki, don launinsa na furen ya ɗauko. Ta uku, wadda ake faɗa a raɗa, ita ce 'yan cika wuri, mutanen da ake shiryawa a ɓoye su zo su zauna cikin taro su yi ta tafi don a ce wasa ya yi kasuwa. Teruko ta ukun take nufi. Wanda ya shekara arba'in da ɗaya da wuƙa a hannu kuwa, kowa ya san wadda kunnensa zai cafke.

Katsumi ya tsaya tsakar shago yana murmushi shi kaɗai. Biki dai na kiɗa da fasaha ne. Ashe sai bana manya suka gane fawa ma fasaha ce! Faranti talatin, har da mai ƙirga daga kwamiti. Sirrin kuma a bayyane yake, don kada 'yan Layin Tasha su saci dabarar. Ya ɗauko dutsen wasa wuƙa yana ta fito.

Ranar Laraba ya tafi aski, tunda wanda za a buga a jarida bai kamata ya fito da kai buzu-buzu ba. Mai askin, Aruga Noboru, tun suna firamare suke tsokanar juna.

"Wannan washe baki na mene ne, Katsu-chan? An yi wa doki ragi?"

"Sirri ne. Ko da wuƙa a wuyana ba zan faɗa ba."

Noboru ya ɗora masa askar a maƙoshi. Kafin a gama gefe ɗaya na haɓa ya ji komai, har da abin da babu.

"Sakura a watan Agusta?" in ji Noboru. "A ina za ka samo fure yanzu?"

Gaban Katsumi ya faɗi, don furen ko kusa bai zo masa a rai ba. Amma ya daure.

"Kana tsammanin ban hango wannan ba? Duk biyun zan kawo, nama da fure."

Noboru ya ci gaba da aski, can sai hannunsa ya tsaya cak.

"Tsaya. Talatin ta ce? Ranar da za a zo ƙirga? Katsu-chan, anya ba tana nufin..."

"Ya isa, na gane."

Noboru ya dubi abokinsa ta madubi. Dariya ta taso masa, sai da ya ajiye askar ya juya baya yana tari.

"To, tunda ka gane," ya ce da ƙyar.

Mutumin nan shekara ashirin rabonsa da tashi kafin tara, amma ranar ya saita agogo ƙarfe shida. Duk wanda ya zauna a kujerarsa daga nan kuma sai ya raɗa masa, "Ranar Asabar ka zo lungun akwatin wasiƙa. Kada ka tambaye ni, kai dai ka zo, kuma kada ka ci abinci ka ƙoshi, cikinka zai yi ciwo."

Ranar Alhamis Teruko ta bugo waya. Da yake akwai masu sayen shayi a gabanta, sai ta riƙa magana a dunƙule.

"Katsumi-san, batun nan namu. An samu?"

"Tuni! Wasu ma daga Kumamoto na sa a kawo."

"Kumamoto? Wannan uwar nisa? Ai na gari ma sun isa!"

"Na gari ba su da ƙiba."

Teruko ta rage murya. "To... ba tsofaffi tukuf ba dai ko?"

"Ni zan kawo miki tsoho? Ki daina zagina. Duk masu jini a jika ne."

"Yawwa. Su fito tsaf fa, kada a raina mu."

"Kowanne sai na yi masa ado da hannuna."

"Kada kuma a cure su wuri ɗaya, a rarraba su a kujeru."

"A kujeru?" Katsumi ya buga cinya. Lallai matar nan ta san fasahar zamani. "Kowanne da kujerarsa!"

"Za su yi shiru lokacin kiɗa?"

"Ko tari ba za ki ji ba."

"Za su jure zaman awa guda a zafin nan?"

"Da ƙanƙara a ƙarƙashinsu? Har awa biyu."

Teruko ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai dai ba ka rabo da barkwanci. Abu na ƙarshe, idan Michiyo-san ta gama, su..."

"Na gane, na gane." Ƙit, ya ajiye waya.

Ranar Juma'a ya shiga ɗakin ajiyar 'yan kasuwa ya jawo rassan furen roba da ake rataye wa layi ado bayan sanyi. Ƙura ta mayar da su ruwan toka, ya wanke su a bakin rijiya yana atishawa. Da ya zo neman abin da zai rubuta sunan kowane yanka, ya laluba aljihu sai ga katuna talatin cif, takarda mai kauri, bayansu fari fes. Ya juya su ya rubuta: wuya, cinya, ƙirji, gadon baya. Har yana yaba wa kansa da iya tattali.

Da yamma Michiyo ta tambaye shi, "Ka raba katunan?"

"Kowanne ya sami mazauni."

"Duka talatin?" Idonta ya ciko da ƙwalla don murna. "Baban yara, ban taɓa zaton..."

"Ya isa, ba sai kin gode ba."

Asabar ƙarfe shida an jera kujeru talatin gaban ɗan dandamali kusa da rijiyar layin, kowace da matashin zama da aka aro daga haikalin unguwa. Teruko ta haye sama taya Michiyo ɗaura kimono, rigarsu ta gargajiya, aikin da ba ya ƙarewa da wuri. Fili ya zama na Katsumi. Ya turo amalanke sanye da sabuwar rigar fawa da dogon takalmin roba. A kan kowane matashi ya zuba ƙanƙara, ya ɗora faranti, naman an jera shi zagaye kamar furen kansa, ga citta, ga tafarnuwa, ga kati a jingine. A bayan kowace kujera ya ɗaure reshen roba. Sannan ya zagaye wurin da igiya, ya ja baya ya riƙe ƙugu. Maganar gaskiya, abin ya yi kyau.

A kan wayar lantarki hankaka ɗaya ya sauka. Sai na biyu.

Ƙarfe bakwai saura ashirin tsofaffin da ke motsa jiki da kiɗan rediyo a filin shaƙatawa suka tashi. Su goma sha huɗu suka biyo layin da tawul a wuya, Kamijo-san a gaba, tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu wadda ta koyar da rabin unguwar a firamare, har da Katsumi.

"Mun ji Michiyo za ta kaɗa koto," ta ce, tana ƙoƙarin ɗaga igiya.

Katsumi ya tare ta da hannu biyu. "Malama, a yi haƙuri, an kama kujerun nan."

"Wa ya kama?"

"Na sakura ne."

Tsohuwa ta gyara tabarau, ta dubi faranti, ta dube shi. "Katsumi, tun kana aji uku nake ce maka ka riƙa karanta tambaya har..."

"Na gane, Malama. A matsa baya kaɗan, numfashi yana ɓata nama."

Suka matsa suna gunaguni, suka tsaya can bakin shagon agogo. Wani mai kare ya zo, aka kore shi, shi da karen da ya ƙi tafiya sai da aka ja shi. Mai kawo madara ya rage gudun kekensa, Katsumi ya kaɗa masa hannu ya wuce. A lungun akwatin wasiƙa kuwa kawuna goma sha biyu ne ke leƙowa, duk sabon aski, Noboru ya cusa hula a baki.

Saura minti goma sai ga mai ƙirga, wani siririn dattijo cikin baƙar kwat, sunansa Akahane. Ya rusuna, ya miƙa katinsa da hannu biyu, ya fito da ɗan ƙarfen nan da ake latsawa yana ƙas. Ya ɗago ya dubi kujeru. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

"Akahane-san, fara daga nan," in ji Katsumi. "Wannan wuya ne. Ka ga kitsen? Tsaya ma, bari kowa ya ji."

Ya haye dandamali ya cafki makirufo. Daidai lokacin ƙofar gidansa ta buɗe, Michiyo ta fito cikin kimono shuɗi, Teruko na biye da ita riƙe da gindin koto.

"Jama'ar Layin Rijiya!" Muryarsa ta fita ta lasifika har Layin Tasha. "Yau sirri ya ƙare! Ga sakura talatin da shugabarmu Momose Teruko ta shigo ta ƙofar baya ta roƙe ni in shirya a ɓoye saboda mai ƙirga!"

Teruko ta saki gindin koto, sai da Michiyo ta tare shi da gwiwa.

Akahane ya juyo a hankali. "Momose-san. Kin sa a shirya miki sakura?"

Matar nan ta ga ta shiga tsaka mai wuya. In ta ce mutane take nufi, ta amsa laifin maguɗi a gaban kwamiti da bakinta. Fuskarta ta yi launin abin da ke cikin farantan.

"Nama," ta ce. "Nama nake nufi. Al'adar layinmu ce."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar Talata!" Noboru ya kwatsa daga lungu.

Shi ke nan, abin da aka danne ya fashe. Masu sabon aski suka zubo daga lungu suna riƙe ciki, wani ya rungume akwatin wasiƙa. Tsofaffin tawul suka ɗauka. Kamijo-san ta ɗaga sandarta ta nuna dandamali.

"Kai Katsumi, kan kabewa! 'Yan tafi aka ce ka kawo, ka kawo mana doki!"

Katsumi ya buɗe baki zai ce ya gane. A karo na farko a rayuwarsa da gaske ya gane ɗin, sai maganar ta maƙale. Makirufo ya yi wani dogon ƙiiii a hannunsa.

Akahane ya yi gyaran murya yana danne dariya. "Ni kunnena na hagu ba ya ji sosai, don haka ban ji komai ba. Abin da aka aiko ni, in ƙirga mutane, a zaune, ƙarfe bakwai." Ya nuna ɗan ƙarfen. Sifili ne. "Saura minti shida."

Ana wata ga wata. Hankakin da ke kan waya sun kai ashirin, kuma su ba su da kwamiti. Na farko ya sauko ya sure gadon baya. Kafin ka ce me, sama ta yi baƙi.

"Kai! Na Kumamoto ne wannan!" Katsumi ya diro daga dandamali, ya fizgi reshen roba ya shiga kai duka. Ya kai wa hankaka, ya sami faranti. Ya sake kaiwa, ya sami hular Akahane. Mai kare ya dawo ba da son ransa ba, karen ne ya jawo shi, ya wuce ta ƙarƙashin kujeru da cinya a baki. Ƙanƙarar da aka ce za ta yi awa biyu tuni ta zama ruwa tana bin ƙasa. Takalmin roba ya kwashe Katsumi, ya kama igiya don ya tsira, igiya ta jawo kujera shida suka biyo shi, ya tafi da baya da baya har ya zauna daram a kwamin da ruwan rijiya ke zuba.

"Ka ga fasaha!" in ji Noboru, yana share hawaye. "Katsu-chan, a sake, ban gani sosai ba!"

Daga cikin kwamin, ruwa har ƙugu, fure a kunne, Katsumi ya hango matarsa. Ba ta dariya. Ta sunkuya ta ɗauki kati ɗaya da ya faɗi a ƙafarta, ta karanta "ƙirji", ta juya shi ta ga rubutun hannunta. Ta dubi kujerun da ba mutum ko ɗaya a kansu. Ta durƙusa ta jawo mayafin koto ta fara rufe shi.

Nan tsoro ya kama Katsumi, tsoron da bai taɓa ji ba ko a gaban doki mai harbi. Ya fito daga ruwa da rarrafe, ya ruga, takalmi na ta cakal-cakal, ya zube gaban Kamijo-san har goshinsa na taɓa ƙasa.

"Malama, ki yi mini rai. Ku zo ku zauna."

"Ba ka ce an kama kujerun ba?"

"Masu su sun tashi."

Tsohuwa ta ɗaga kai ta ga hankaka na wucewa da wuya a baki. "Na ga alama," ta ce. "To, tashi ka tayar da kujerun da ka kayar. Kai kuma Noboru, rufe mini baki, da gani tuni ka sani ka yi shiru. Kowa ya zauna!"

Wanda malamar firamarensa ta daka wa tsawa, ko ya yi furfura, zama yake. Aka kwashe farantai aka jibge a amalanke, aka rufe da rigar fawa. Jama'a suka faɗa kujeru, kuma kowa ya zauna sai ya yi tsalle da ihu, don matasan zaman nan sun sha ruwan ƙanƙara sun ƙoshi.

"Wayyo ƙuguna!"

"Zauna, maganin zafi ne!"

"Ni wandon aro ne a jikina!"

Akahane ya bi layi yana latsawa, ƙas, ƙas, ƙas. Tsofaffi goma sha huɗu. Noboru da mutanensa, su goma sha biyu. Teruko ta zauna ta rufe fuska da mafici. Mai kare ya zauna. Mai madara, da ya dawo kallon hankaki, aka sauko da shi daga keke aka dasa shi a kujera.

"Ashirin da tara," in ji Akahane. "Saura minti ɗaya."

"Karen fa?" in ji Katsumi.

"A'a."

"Kai fa?"

"Ni nake ƙirga."

Katsumi ya dubi gabas, ya dubi yamma. Layi wayam, duk shaguna a rufe. "Ku ba ni minti biyu! Kashi uku cikin huɗu na garin nan a hannuna suke, yanzu zan je in..."

"Katsu-chan," in ji Noboru, "kai ba mutum ba ne?"

Kujera ɗaya ce ta rage, a sahun gaba, daidai gaban koto, kuma ita ta fi kowace jiƙewa. Katsumi ya dube ta, ya dubi matarsa. Hannun Michiyo na kan mayafin, ba ta rufe ba, ba ta buɗe ba. Ya je ya zauna. Ruwa ya ce caɓ.

Ƙas.

"Talatin."

Michiyo ta yaye mayafin. Ta gyara zama, ta sa ƙumbunan kiɗa a yatsu uku, ta rusuna. Sauti na biyu ya ɗan goce, amma daga nan ta kama hanya. Dariya ta lafa. Har hankakin suka koma kan waya da abin da suka samu. Katsumi bai taɓa zama a gabanta tana kaɗawa ba, ta cikin silin kawai yake jiyo ta yana sara ƙashi. Ya ga yadda hannun hagunta ke danna tsirkiya sauti ya lanƙwashe, ya ga ta cije leɓe kamar yadda take yi in tana zura zare a allura. Shekara shida ashe abin da ake yi a saman kansa ke nan. Kunya ta kama shi, daɗi ma ya kama shi, ya rasa wanne ya fi.

Kiɗan ya yi sama, ya sauko a hankali, ya yi ƙasa, ya tsaya. Wurin ya yi tsit.

Katsumi ya miƙe zumbur, wando na ɗiga, ya shiga tafi da hannuwan nan nasa kamar ana fasa itace.

"An gama! Kun ji? Matata ce! Tun ranar da ta fara na gane cewa..."

Shi kaɗai ke tafi. Mutum ashirin da tara na kallonsa. Yatsun Michiyo suna nan a sama da tsirkiya, ko motsi ba su yi ba, don numfashi ne kawai tsakanin kashi na farko da na biyu. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Baban yara," ta ce, kuma makirufo ya kai maganar har bakin titi. "Zauna. Ban gama ba."

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya koma kan jiƙaƙƙen matashinsa ya ɗora hannu a gwiwa, ya saurara har ƙarshe.